Ba a Ɗaukar Jariri na Uku

Duk wanda ya tare ni a hanya ya ce uwata mutuniyar kirki ce, sai in ce masa haka ne, in ƙara sauri. Ba na musu a titi. Su a bakin ƙofa suka san ta, ƙarfe bakwai na safe da biyar na yamma, tana murmushi tana karɓar jakar yaro. Ni a cikin gidan na tashi, kuma ina da abin faɗa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana renon 'ya'yan mutane a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo, matakala ashirin da huɗu kafin ka kai ƙofa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kujera a falonmu ba. Shimfiɗar roba ce daga bango zuwa bango, ƙananan katifu a jingine, kwanduna uku na kayan wasan da duk an gatsine musu kunnuwa, sai fo guda huɗu a jere a bakin banɗaki. Gidan kullum ƙarnin madara da ƙamshin sabulu yake. 'Yan unguwa Mai Reno suke ce mata. Yaran kuwa Mama suke kiranta, yadda nake kiranta, ka ga ko sunan ma ban taɓa samunsa ni kaɗai ba.

Ba ta yi karatu mai nisa ba. Shekara shida ta yi tana shara da wankin zanin gado a ɗakin yara na wani asibiti, a can ta koyi bambanta kukan yunwa da na ciwo. Babana ya rasu ina wata biyar. Ta nemi mai riƙe mata ni ta rasa, sai ta ajiye aikin ta zauna a gida. Wata maƙwabciya ta ce tunda kina zaune ga nawa, wata ma ta kawo, shi ke nan sana'a ta kafu.

Yara bakwai take ɗauka, kuma ba kowane bakwai ba. Biyu na hannu, wato waɗanda ba su fara tafiya ba. Uku masu tatata, daga fara tafiya zuwa shekara uku. Sai manya biyu da ke dab da shiga makaranta. Tsani take kiran abin. Wai in ka tara yara sa'annin juna, lokaci ɗaya za su ji yunwa, lokaci ɗaya za su ɓata jikinsu, kuma duk su bakwai motar wasa ɗaya za su so. Amma in akwai babba, ƙarami zai ga yadda ake riƙe cokali da yadda ake zama a fo ya kwaikwaya, shi kuma babban ya koyi haƙuri. Wannan kam gaskiya ne, yaran gidanta da wuri suke yin baki. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ta ƙanƙame tsanin nan kamar da shi aka haife ta. Ta taɓa mayar da matar mai benen kanta da jariri a hannu. Ta taɓa barin wurin babba a buɗe wata biyar, iyayen jarirai na yi mata magiya, don kawai ba ta samu ɗan shekara huɗu ba.

Wurin na hannu kuma ba ya buɗewa don yaro ya cika wata kaza. Sai ɗaya daga cikin biyun ya taka da ƙafarsa daga ƙofar falo zuwa gindin taga, ba mai riƙe shi, ba bin bango, kwana uku a jere. Ranar nan sai ya hau sahun masu tatata, ita kuma ta kira wadda ke kan layi.

Duk farkon wata tana saukar da su ƙasa ba shiri. Ta tafa hannu sau uku, ta goya jariri ɗaya, ta rungume ɗayan a ƙirji, kowane babba ya kama hannun mai tatata ɗaya, na ukun ya riƙe bakin zaninta. Haka za su sauka har bakin titi su tsaya gaban shagon mai gyaran takalmi, sannan su koma. Ni ma tun ina shekara huɗu aka ɗaura min nawa, wani mai majina da ke cizon yatsa. Gadona na masu barcin rana ne, 'yar tsanata ta kowa ce, ranar da aka ba ni kyauta a makaranta kuwa Gwaggo ce ta je, don Mama ba za ta bar 'ya'yan mutane ba.

Gwaggo ƙanwar babana ce, a hawan ƙasa take zaune, kuma bakinta ba ya riƙe ruwa. Ita ta gaya min mafarin tsanin ina 'yar shekara goma sha biyu. A shekarar farko jarirai huɗu ne a hannun Mama, har da ni. Wata rana mitar wutar da ke ƙarƙashin matakala ta kama, hayaƙi ya cika benen. Mama ta goya ɗaya ta rungumi ɗaya ta sauka, ta miƙa wa mutane, ta sake kutsawa cikin hayaƙin ta kwaso sauran biyun. Ba wanda ya samu ko ƙwarzane, tari ne kawai na kwana biyu.

Na ce, "Gwaggo, ni a sahun farko nake ko na biyu?"

Ta ce, "Ke ma dai da tambaya. Na mutane ai amana ne."

Mama ba ta taɓa ɗaga min zancen ba, ni ma ban ɗaga mata ba. Ita abin da ta ɗauka a ciki shi ne ba za ta ƙara riƙe jariri na uku ba. Ni abin da na ɗauka daban ne, kuma yana nan a raina har yau.

Na girma na samu aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori, ina zama a kanta, wato teburin karɓar marasa lafiya, ina amsa waya ina ba mutane ranar ganin likita. Ina son aikin nan. Shekara huɗu na yi ban taɓa haɗa mutum biyu a lokaci ɗaya ba, Likita da kansa yana faɗa. Mijina walda yake yi, wani watan da aiki wani watan babu, don haka albashina ne ke riƙe gidan. Da na samu ciki, wata uku na je na gaya wa Mama. Ta yi murna har da hawaye, sannan ta share ido ta ce, "Ke ce ta farko a layi."

Layi! Na yi dariya don na zata wasa take.

A lokacin da na haihu jariranta biyu su ne 'yar wata malamar makaranta, wadda ko zama ba ta fara ba, da ɗan wata mai ɗinki a kamfanin riguna. Shi ne ake sa ran zai fara tafiya kafin hutun haihuwata ya ƙare. Manyan yaran suna ce masa Tulu, kuma sun iya sa suna. Yaro ne jibgege mai kumatu, in aka ajiye shi a wuri sai ya zauna yana kallon duniya. In yana son abu ba ya ko rarrafe, jan gindi yake yi, ƙafa ɗaya a naɗe, har ya kai. Ya cika shekara bai tashi ba. Ya yi wata goma sha huɗu, shiru. Wurinsa a sahun masu tatata na nan a buɗe yana jiransa, wato yara shida ne kacal a gidan. Wuri ɗaya ba kowa, ga jikarta ta cikinta da na sa wa sunanta, amma wai wurin ba na jariri ba ne.

Hutun haihuwata wata uku ne. Na roƙi Likita ya ƙara min sati biyu, ya ƙara, ya ce daga nan kuma ba shi da yadda zai yi, don wadda ke riƙe min kujera tana jiran amsa. Na zaga gidajen reno biyu. Ɗaya a cike yake, ɗayan na tarar da jarirai tara a kwance da yarinya ɗaya tana danna waya, na juyo ba sallama. Surukata tana wani gari mai nisa. Gwaggo kuwa hannunta rawa yake, ko kofin shayi ba a ba ta cike.

Sai na koma bara a gidanmu. Kullum da safe in goyo Takwara, haka Mama ke kiran jikar, in hau matakalar nan in zauna ina lallashin ɗan wani ya yi tafiya. Ni da aurena da ɗinkin haihuwa, ina durƙushe a gindin taga ina kaɗa biskit ina "taho, taho, ɗan albarka." Tulu ya dube ni, ya dubi biskit, ya ja gindi ya zo ya karɓa. Na tsayar da shi, ya naɗe ƙafafu ya zube. Na sayo keken koyon tafiya, Mama ta tare ni a ƙofa ta ce ba ya shigar mata gida, yana ɓata ƙafar yaro.

Ana saura kwana biyar in koma aiki na ce mata, "Mama, ki dubi girman Allah. Yara shida ne fa a gidan nan."

Tana wanke kwalabar madara, ko juyowa ba ta yi ba. "Shida ne. Na hannu biyu ne."

"Takwararki ce. Ko motsi ba ta yi, inda kika ajiye ta nan za ki same ta."

"Shi ya sa. Wanda ba ya motsi ai ɗaukarsa ake yi. Baya ɗaya gare ni, ƙirji ɗaya. A ka zan ɗora ta?"

"Shekara talatin ba abin da ya faru!"

"Rana ɗaya yake faruwa."

Na ce, "Ke da kika san yadda ake rasa aiki saboda jariri, ke ce za ki yi min haka?"

Nan ta juyo. Na zata zan ga tausayi, sai na ga fuskar da take yi wa iyayen da suka makara ɗaukar yaro. Ta ce, "Na sani. Ki yi haƙuri, ya kusa. Jiya ya kama ƙafar tebur ya miƙe."

Wallahi a ranar da ina da ƙarfi da na jefar da teburin ta taga.

Da yamma ina saukowa na haɗu da mai ɗinki a tsakiyar matakala, ta zo ɗaukarsa. Siririyar mace ce mai sanyin murya, zare a manne a rigarta, kullum tana gaishe ni da "Anti, ya mai jego." Ba ta taɓa yi min komai ba. Na tsaya na tare mata hanya.

Na ce, "Baiwar Allah, wai kin taɓa kai yaron nan a duba ƙafafunsa?"

Ta ce, "An duba, Anti. Sun ce lafiyarsa ƙalau, nauyin jiki ne."

"Nauyin jiki wata goma sha biyar? Ni a asibiti nake aiki, na ga irinsu. Akwai wuraren da ake kai irin waɗannan yaran, nan ba wurinsu ba ne. Ya zauna ya tare wa masu lafiya wuri, Mama kunya ce ta hana ta gaya miki."

Asibitin haƙori nake aiki, ban san komai a kan ƙafar yaro ba, kuma Mama ba ta taɓa faɗar haka ba. Ina sane na faɗa. Matar ta tsaya riƙe da ƙarfen matakala, ta ce, "To, Anti. Na gode." Ta raɓa ni ta hau.

Washegari Alhamis ba ta kawo shi ba. Juma'a ma haka. Mama ta kira wayarta ba ta ɗauka. Ni kuwa na wanke kayan Takwara na goge, na jera su a sabuwar jaka, na gaya wa mijina an dace. Kunya na ɗan taɓa ni, sai in dubi jakar in ji ta tafi.

Mai gyaran takalmi ne ya ji mu, don ƙofar benen a buɗe take, ya gaya wa Gwaggo, daga Gwaggo kuwa ai sai duniya. Ranar Asabar Mama, wadda gwiwa ke damu, wadda ba ta zuwa ko'ina, ta shiga mota biyu ta je har kamfanin rigunan. Ta tarar da Tulu a cikin kwali a ƙarƙashin teburin ɗinki, uwar na taka keke da ƙafa ɗaya tana tare kwalin da ɗayar don kada shugaban ma'aikata ya gani. Abin da suka ce wa juna ban sani ba. Na dai san da yamma ta biyo ta gidana, abin da ba ta taɓa yi ba sai ta kira.

Ba ta zauna ba. Ta ɗauki Takwara ta sumbace ta a goshi, ta mayar da ita kan gado, ta ga jakar da na shirya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ki kwance jakar nan. Litinin yana dawowa."

"Mama, ita ta cire shi da kanta."

"Ke kika cire shi. Da sunana kuma. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa cewa ɗan wani ba na wurina ba ne, sai da na haifi mai faɗa min."

Na ce, "To ni fa? Ni 'yar wa ce? In aka kore ni, ke za ki ciyar da mu?"

"In an kore ki ki zo mu ci abin da ke akwai. Amma ko da bai dawo ba, wurin da aka samu ta wannan hanyar ba zan sa jikata a ciki ba."

Na faɗa mata maganganu a ranar, irin waɗanda ba a faɗa wa uwa. Na ce ta fi son a yabe ta a titi da ta ga 'yarta ta tsaya da ƙafarta. Na ce duk rayuwata ragowar 'ya'yan mutane nake samu. Ta saurara har na gama, ta gyara mayafi, ta ce in rage wa yarinyar kaya akwai zafi, ta fita.

Litinin na tafi aiki da Takwara a cikin kwandon ɗaukar jariri, na tura shi ƙarƙashin kanta. Awa ɗaya aka yi lafiya. Da Likita ya kunna injin haƙori sai ta tsandara ihu, wani dattijo da ke kan kujera baki a buɗe ya zabura. Ina jijjiga ta da hannu ɗaya ina amsa waya da ɗayan, na ba mutum biyu ƙarfe goma sha ɗaya. Talata na shiga ɗakin ajiye kaya ina ba ta nono, waya ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Laraba da aka tashi Likita ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ya san ƙoƙarina, amma nan wurin marasa lafiya ne, ita ma jaririyar bai dace ta zauna a ciki ba. Ya tambaye ni ko akwai ranar da zan iya ba shi tabbaci. Na buɗe baki, sai na ga ranar tana ƙafar Tulu. Na ce babu. Na kwashe kofina da takalmin da nake sawa a ciki, wadda ta riƙe min kujera ta taya ni sauko da kwandon.

Ban gaya wa Mama ba. Ba sai na gaya mata ba, tana da Gwaggo. Ta aiko min da shinkafa da madarar gwangwani, na mayar da ɗan aiken da kayansa.

Sati biyu bayan nan, ina shanya kayan jariri da hantsi, wayata ta yi ƙara. Na ga ita ce, na bari ta kusa tsinkewa sannan na ɗauka. Ina jin hayaniyar yara a bayanta, ana tafi ana ihu.

Ta ce, "Ya taka. Yau kwana uku ke nan, daga ƙofa har taga, jiya ma har da gudu. Ki kawo min Takwara gobe ƙarfe bakwai."

Muryarta cike da murna, kamar ba abin da ya faru tsakaninmu. Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu, ruwa na ɗiga min a ƙafa.

Na ce, "In kawo ta in tafi ina, Mama?"

Can ta ce, "Za ki samu wani aikin. In tana nan za ki fi samun sararin nema."

"Ki riƙe wurinki."

"Akwai mai jira a bayanki. Zan riƙe miki zuwa Juma'a ƙarfe biyar."

Na kashe wayar. Mijina ya ce in daure in kai ta, ai gaskiya ta faɗa, da jariri a baya ba a neman aiki. Na san gaskiya ta faɗa, kullum gaskiya take faɗa, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Ban kai ta ba.

Gwaggo ta ce ranar Juma'ar, bayan an kwashe yaran, Mama ta wanke ƙaramar katifar ta sa mata sabon zani, ta zauna a gindin taga tana leƙen titi har biyar ta yi, ta ƙara rabin awa a kai, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ranar Litinin ta ba wa jaririn wani mai gyaran famfo wurin.